Aiki da Darajar Ma'aikaci a Wasan Kwaikwayon R.U.R. na Karel Capek

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 30 ga Nuwamba, 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da manhajar ChatGPT, muhawara a kan ƙirƙirarriyar basira ta bar ɗakunan bincike ta shigo bakin marubuta da malamai da masu fassara. Muhawarar ta rabu gida biyu. Gida na farko shi ne na masu fargabar ranar da na'ura za ta fi ƙarfin wanda ya ƙera ta, kamar yadda aka gani a wata gajeriyar sanarwa ta watan Mayu, 2023, wadda shugabannin wasu manyan kamfanonin fasahar suka sa wa hannu da kansu. Gida na biyu kuwa damuwarsa ita ce abin da zai sami mutumin da ke cin abinci da hannunsa ko da alƙalaminsa.

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Capek, wanda aka buga a 1920, domin a ga yadda ya tunkari waɗannan damuwoyi guda biyu. An fi tuna wasan da tawayen da ke cikinsa, alhali ƙarfinsa yana cikin abin da ya faɗa game da aiki da kuma kamfanin da ke yanke hukunci a kan aiki. Maƙalar za ta nuna wannan ƙarfi, sannan ta nuna wuraren da wasan ya gaza, musamman yadda ya yi magana a kan ma'aikata ba tare da ya kawo ko ɗaya daga cikinsu kan dandamali ba.

2.0 Marubucin da Zamaninsa

An haifi Karel Capek a 1890, ya rasu a 1938. Ɗan jarida ne kuma marubucin wasanni da ƙagaggun labarai a harshen Cek. Ya rubuta R.U.R. shekara biyu bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya da kafuwar ƙasar Cekoslobakiya, shekara uku bayan juyin juya halin Rasha na 1917. A wannan zamani ne tsarin Frederick Taylor na auna motsin ma'aikaci da agogo, wanda ya bayyana a littafinsa na 1911, da kuma layin haɗa motoci na Henry Ford na 1913, suka zama abin koyi ga masana'antu. An nuna wasan a babban gidan wasanni na ƙasa da ke birnin Firag ranar 25 ga Janairu, 1921, ya isa Niyok a 1922, sannan Landan a 1923.

2.1 Asalin Kalmar Robot

Daga wannan wasa ne kalmar robot ta shiga harsunan duniya. Capek ya bayyana cewa wansa Josef, wanda mai zane ne, shi ya ba shi kalmar. Tushenta shi ne robota, wato aikin dole da talakan karkara yake yi a gonar ubangijin ƙasa na wasu kwanaki ba tare da lada ba, tsarin da aka soke a daular Ostiriya a 1848. Mai karatu Bahaushe zai fi kusantar ma'anar idan ya tuna aikin bawa a gandun ubangidansa, ko kuma ɗiban gwamna da aka yi zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944.

Akwai abin lura a nan ga mai nazarin harshe. Kalmar da Hausa ta zaɓa, wato mutum-mutumi, ta dubi siffa ne, abin da ya yi kama da mutum. Kalmar Cek kuwa ta dubi matsayi, wanda ake sa shi aiki ba a biya shi ba. Halittun wasan ma ba na ƙarfe ba ne. Daga wani sinadari mai kama da tsoka ake kwaɓa su, kuma a 1935 Capek ya yi rubutu a jarida yana nuna rashin jin daɗinsa da yadda aka mayar da su injuna masu waya da ƙusoshi. Saboda haka wannan maƙala za ta kira su ƙagaggun ma'aikata.

3.0 Zubi da Tsarin Wasan

A asalinsa na Cek an gina wasan a kan shimfiɗa da kashi uku. A shimfiɗa, wadda aka yi cikin raha, Helena Glory, 'yar wani shugaba, ta ziyarci tsibirin da masana'antar Rossum take, da niyyar 'yantar da ƙagaggun ma'aikata a madadin wata ƙungiyar jin ƙai. Babban manaja, Harry Domin, ya ba ta tarihin kamfanin, ya gabatar da ita ga abokan aikinsa: Fabry injiniya, Dakta Gall mai binciken jiki, Dakta Hallemeier mai horar da ƙagaggun ma'aikata, Busman mai kula da ciniki, da Alquist shugaban gine-gine. Ta ƙare da amincewa da auren Domin.

Kashi na ɗaya ya buɗe bayan shekara goma. An mayar da ƙagaggun ma'aikata sojoji, mata sun daina haihuwa a duniya, tawaye kuma ya ɓarke. Helena ta ƙona rubutaccen sirrin ƙera su. A kashi na biyu an kewaye gidan shugabannin, aka kashe kowa sai Alquist. A kashi na uku ƙagaggun ma'aikata sun gane cewa su ma za su ƙare, tun da rayuwarsu ba ta wuce shekara ashirin, sirrin kuma ya ƙone. Wasan ya rufe da wasu biyu daga cikinsu, Primus da wata mai suna Helena, waɗanda kowannensu ya nemi a yanka shi a bar ɗayan, Alquist kuma ya sallame su a matsayin Adamu da Hauwa'u na sabuwar duniya.

Abin da ya fi armashi a wannan zubi shi ne tsallaken shekara goma. Mai kallo ya ji alkawari a shimfiɗa, sai kawai ya ga sakamako, ba tare da an nuna masa abin da ya faru a tsakani ba. Wannan dabara ta ba wasan kaifi, amma kamar yadda za a gani a 5.1, ita ce kuma ta haifar da babban gibinsa.

4.0 Jigon Wasan

4.1 Ma'aikaci Mafi Arha

Ƙwayar jigon tana cikin wata tambaya da Domin ya yi wa Helena: wane ma'aikaci ne ya fi kowa? Ta amsa da halaye irin su gaskiya da himma. Shi kuwa ya nuna mata cewa a idon masana'anta, wanda ya fi shi ne wanda ya fi arha, wanda bukatunsa suka fi ƙanƙanta. Daga nan ne aka fahimci bambancin Rossum biyu. Tsohon Rossum masanin kimiyya ne mai burin ƙera cikakken mutum domin ya nuna ba a bukatar Mahalicci. Ƙaramin Rossum injiniya ne. Ya dubi jikin ɗan Adam ya cire duk abin da ba ya ƙara yawan aiki, kamar sha'awar kiɗa, da son yawo, da jin daɗi. Fabry ya ƙara da cewa ƙuruciya ma ɓata lokaci ce a lissafin injiniya. Ko jin zafi da Dakta Gall yake ƙoƙarin sanya musu, an yi shi ne don kada su riƙa sa hannu a inji su jawo wa kamfani asara.

Hikimar Capek a nan ita ce, bai bar mai kallo ya ɗauka cewa wannan ma'auni ya tsaya a kan ƙagaggun ma'aikata kaɗai ba. A shimfiɗa Helena ta ɗauki Sulla, magatakardiyar Domin, a matsayin mace 'yar Adam, sannan ta ɗauki shugabannin kamfanin a matsayin ƙagaggu har ta soma yi musu huɗubar 'yanci. Abin dariya ne a dandamali, amma saƙon a fili yake: da zarar an yarda cewa arha ce ma'aunin ma'aikaci, to an riga an rage mutum zuwa abin da na'ura za ta iya kwaikwaya, tun kafin na'urar ta zo. Wannan shi ne sashen wasan da bai tsufa ba. A watan Janairu, 2024, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa ƙirƙirarriyar basira za ta shafi kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a ƙasashe matalauta. Irin wannan lissafi yana auna aiki ne a matsayin jerin ɗawainiyoyi da za a iya rarrabawa, wato daidai yadda ƙaramin Rossum ya dubi mutum.

4.2 Kamfani da Ɗaukar Alhaki

Capek bai zana Domin a matsayin mugu ba. Mutum ne mai mafarki, wanda ya yi imani cewa cikin shekara goma abinci da tufafi za su yi yawan da ba su da farashi, talauci ya ƙare, ɗan Adam ya huta da bautar ciki. Ya yarda cewa mutane za su rasa ayyukansu a kan hanya, amma ya ɗauki hakan a matsayin wahalar ɗan lokaci. Irin wannan fata ba na wasan kwaikwayo kaɗai ba ne. A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi hasashen cewa jikokin zamaninsa za su wadatu da aikin sa'a 15 a mako.

Fitowar da ta fi kowace nauyi ita ce ta kashi na biyu, inda shugabannin suke kewaye suna neman wanda za a ɗora wa laifi. Domin ya kare mafarkinsa. Alquist ya tunatar da shi cewa masu hannun jari riba suke mafarki, kuma ribar ce ta tuƙa jirgin. Dakta Gall ya amsa cewa ya sauya halittar wasu ƙagaggun ma'aikata a ɓoye, Helena kuma ta ce ita ta roƙe shi. Sai Busman ya kawo hujjar da ta fi sauran sanyi: babu wanda ke da laifi, domin bukatar kasuwa ce take ba da umurni, shugabanni kuwa suna bin ta ne kamar yadda ruwa yake ɗaukar kara. Mutuwarsa ta dace da hujjarsa. Ya fita da tarin kuɗi don ya sayi rayukansu, ya taɓa shingen lantarkin da suka kafa don kare kansu, ya faɗi.

Hujjar Busman ita ce ake ji a yau duk lokacin da aka ce idan wannan kamfani bai yi ba, wani zai yi. Haka kuma tsibirin Rossum, inda mutane kaɗan suke riƙe da sirri guda a rubuce, ya yi kama da halin da ake ciki na tattaruwar wannan fasaha a hannun kamfanoni 'yan ƙalilan. Kamfanin Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin da ake horar da manhajojin a kansu, ya kai darajar dala tiriliyan 1 a 2023, ya kai tiriliyan 4 a watan Yuli, 2025. Wasan ya kuma hango wata dabara ta masu iko: da tawaye ya taso, shawarar Domin ita ce a riƙa ƙera ƙagaggun ma'aikata masu launi da harshe daban-daban a kowace ƙasa, domin kada su sake haɗa kai.

4.3 Alquist da Darajar Aiki

Alquist ne muryar da ke kare aiki. Tun a shimfiɗa ya nuna cewa akwai wani alheri a cikin hidima da gajiya wanda aljannar Domin za ta kawar. Idan hankalinsa ya tashi, yakan sa kayan magina ya hau sama ya jera tubali. Da ƙagaggun ma'aikata suka ci nasara, shugabansu Radius ya bar shi da rai bisa dalili ɗaya, wato yana aiki da hannunsa kamar su. Shi kansa Radius, wanda Helena ta sa a ɗakin karatu, hujjar tawayensa ita ce mutane ba sa yin komai sai ba da umurni. Ke nan wasan ya ɗora cancantar rayuwa a kan aiki daga ɓangarorin biyu, kuma rashin haihuwar da ya sami duniya an gabatar da shi ne a matsayin sakamakon zaman banza.

5.0 Raunin Wasan

5.1 Ma'aikacin da Ba a Gani Ba

Babban raunin R.U.R. shi ne, a wasan da jigonsa aiki ne, babu leburan masana'anta ko manomi ko akawu ɗan Adam ko ɗaya da ya hau dandamali. Labarin ma'aikatan da suka rasa abincinsu, suka farfasa ƙagaggun ma'aikata, aka ba ƙagaggun makamai suka karkashe su, an taƙaita shi ne a 'yan jimloli a bakin Helena. Duk wannan ya faɗa cikin shekara goman da aka tsallake. Nana, mai hidimar Helena, ita kaɗai ce talaka a wasan, kuma rawar da aka ba ta ita ce ta tsohuwa mai tsoron azabar Ubangiji, wadda ake yi wa dariya ko da gaskiya ta faɗa.

Wannan ya raunana matsayin Alquist. Shi shugaba ne a kamfanin, albashinsa bai dogara da tubalin da yake jerawa ba. Gini a wurinsa maganin damuwa ne. Yabon gajiya daga bakin wanda zai iya ajiye cokalin gini duk lokacin da ya so ba daidai yake da na wanda iyalinsa za su kwana da yunwa ba. Hausawa na cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, kuma labari kawai wasan ya bai wa na baya. Saboda haka tambayar da ta fi damun ma'aikaci, wato wa zai ci ribar arhar da aka samu, ta ɓace a bayan tambayar masu falsafa, wato me mutum zai yi da kansa idan ya huta.

Tarihi ya nuna cewa a wannan tsakanin da Capek ya tsallake ne ake yin gwagwarmayar. Masaƙan Ingila da suka farfasa injuna tsakanin 1811 da 1816 sun yi haka ne a kan lada da ingancin sana'a. A 2023 marubutan fina-finan Holiwud sun yi yajin aiki na kwana 148, daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumba, suka samu yarjejeniyar da ta hana a ɗauki abin da manhaja ta samar a matsayin aikin marubuci, ta kuma hana a tilasta wa marubuci amfani da ita. Irin wannan ciniki a kan sharuɗɗa ba shi da gurbi a R.U.R., inda zaɓi biyu ne kawai, aljanna ko halaka.

5.2 Inda Hasashen Ya Saɓa

Ƙagaggen ma'aikacin Rossum yana fitowa daga masana'anta a shirye, ba ya ɗauke da gumin kowa sai basirar mai ƙera shi. Ƙirƙirarriyar basira ta yau ba haka take ba. Ana horar da ita ne a kan rubuce-rubuce da fassarori da zane-zanen miliyoyin mutane, wanda shi ne tushen ƙarar da jaridar New York Times ta shigar a kan OpenAI da Microsoft a watan Disamba, 2023. Bayan haka akwai masu tace bayanai. A watan Janairu, 2023, mujallar Time ta ba da rahoton cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Nairobi, waɗanda suka riƙa karanta munanan rubuce-rubuce suna yi musu alama domin a tsabtace ChatGPT, ana biyansu abin da bai wuce dala 2 a sa'a ba. Haka nan lokacin da Google ya sanya Hausa da Yarabanci da Ibo a manhajarsa ta fassara a watan Disamba, 2013, abin da irin wannan manhaja take koyo daga gare shi shi ne fassarorin da mutane suka riga suka yi da hannunsu.

Idan aka mayar da kalmar robota ga ma'anarta ta asali, to a yau ta fi dacewa da waɗannan mutane fiye da na'urar. Wasan ya sa mai kallo ya tausaya wa ƙagaggu, ya tambayi kansa ko suna da rai. Wannan tambaya ce mai kyau, amma takan janye ido daga ɗan Adam da ke zaune a bayan labule. Haka kuma fassarar wasan a matsayin gargaɗi game da tawayen na'ura ta fi yi wa kamfanoni sauƙi, domin tana nuna girman abin da suka ƙera, tana kuma ɗage hisabi zuwa wata rana mai nisa.

5.3 Rufewar Wasan

Kashi na uku ya sauya jigo. Matsalar da aka ƙulla ta tattalin arziki ce, amma aka warware ta da soyayya da karatun littafin Farawa. Fitowar Primus da Helena tana da taushi, kuma ta nuna cewa sadaukarwa ce alamar mutuntaka a wurin Capek. Duk da haka ba ta amsa tambayar Domin ta shimfiɗa ba. Bugu da ƙari, manyan kurakurai biyu da suka rufe ƙofar tsira, wato roƙon Dakta Gall da ƙona takardar sirri, duk an ɗora su a kan Helena, mace mai tausayi, alhali waɗanda suka sayar wa gwamnatoci sojoji sun mutu suna jawabai masu daɗi. Capek ya bayyana a 1923 cewa ya yi nufin kowane tauraro ya kasance da tasa gaskiyar. Wannan adalci ya ƙawata muhawarar kashi na biyu, amma ya sa wasan ya kasa bambanta nauyin laifin mai iko da na marar iko.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta dubi R.U.R. ta fuskar aiki da darajar ma'aikaci. An nuna cewa wasan ya yi nasara a wurare uku: ya gano cewa ma'aunin arha yana rage mutum tun kafin a maye gurbinsa, ya zana kamfanin da kyawawan manufofi da neman riba suke tafiya tare a cikinsa, ya kuma fito da hujjar masu cewa kasuwa ce ta sa. An kuma nuna cewa ya gaza wajen kawo ma'aikaci ɗan Adam kan dandamali, bai hango cewa na'ura za ta dogara da aikin mutane na ɓoye ba, sannan ya rufe da amsar da ba ta dace da tambayarsa ba. Ga ɗaliban adabi da masu rubuta wasan kwaikwayo a harsunan Nijeriya, shekara goman da Capek ya tsallake fili ne da ba a nome ba, kuma taurarinsa suna nan a raye: mai fassara, da magatakarda, da mai tace bayanai a kan dala 2.